Tukunya a Kan Kwana

Tun ranar da aka sauke Lamis daga bayan motar buhuna a ƙofar gidan kakarta a Gadarif, ƙafarta ba ta sake tsallake wannan ƙofa ba. Da sanyi aka kawo ta. Zafi ya zo ya gasa gari ya wuce, damina ta sauka ta mayar da unguwa baƙar laka mai cinye takalmi, ga shi yanzu riɗi ya fara rawaya a gonaki, ita kuwa tana nan inda take: bisa angarib, gadon igiyar nan da ke ƙarƙashin rumfa, bayanta jingine da ɗakin ciyawa, fuskarta na kallon ƙofar langa-langa, waya a hannu.

Shekararta goma sha uku. A Khartoum aka haife ta, a can uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Da yaƙi ya tashi, ubanta Eltayeb ya ɗauke ta suka gudu Madani. Ba su gama sanin hanyar kasuwar garin ba yaƙin ya biyo su can ma. Sai ya tuna yana da uwa.

Uwar tasa, Jummare, tsohuwa ce doguwa mai sayar da godogodo da safe a bakin gida, gero da nono da ɗan sukari. A wajen dangarta, ƙarƙashin darbejiya, akwai randa biyu da moɗa a ɗaure da igiya, don duk mai wucewa ya sha. Ba ita ta fara ba. Kakanta ya taso daga ƙasar Haɗejiya da ƙafa zai je Makka, ya tsaya Gadarif ya yi noman damina ɗaya ya sami guzuri, damina ɗayan nan ita ce har yau ba ta ƙare ba. Shi ya dasa randar farko, yana cewa ruwan mutane ne ya kawo shi nan. Jummare ba ta taɓa barin randunan sun kwana a bushe ba, ko a ranar da mai amalanken jaki ya tsawwala wa ruwa tsada.

A kan yarinyar kowa na da magani. Larai maƙwabciya ta ce wayar ce, a ƙwace ta a jefa a masai, kwana biyu za ta warke. Malamin unguwa ya ba da rubutu, Lamis ta shanye tas cikin ladabi ta koma kan wayarta. Wata ma ta ce ai yaran Khartoum haka suke, girman kai ne, ba sa son taka laka. Jummare ta saurari kowa, ta yi wa kowa godiya, ba ta ƙwace komai ba. Ita dai a ganinta, mutumin da aka ƙwace wa gari biyu ba ƙarin ƙwace yake bukata ba.

Eltayeb yana aiki a wani mashru, ɗaya daga manyan gonakin nan da ke bayan gari inda tarakta ke huɗa mutane ke yanka, sai ya yi makonni bai leƙo ba. Wata Juma'a ya zo da ƙura har a gira, ya ci abinci, ya matso kusa da murhu inda uwarsa ke tankaɗe, ya rage murya.

"Inna, na yi magana da Zaituna, ƙanwar uwarta. Ta ce a kawo ta Port Sudan. Akwai likita, akwai makaranta. Da an gama yankan riɗi zan kai ta."

Jummare ba ta ɗaga kai ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka bakinta bai taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ta cika kallonsa ido cikin ido ba.

"Ka tambaye ta?"

"Wa?"

"Wadda za a kai."

"Inna, in na tambaye ta me za ta ce? Tun azumi kalma nawa kika ji daga bakinta? Ko ƙofar nan ba ta leƙawa. Dubi wuyanta yadda ya koma. Ni ina jeji, ke kina fama da kanki. In zuba ido ta ƙare a kan gadon nan?"

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi yi wa Jummare ciwo ke nan. Ta ci gaba da tankaɗe. A ranta tana ganin yarinyar an sake ɗora ta a mota, an sake sauke ta a wata ƙofa, ta sake neman bangon da za ta jingina bayanta. Akwai kuma wani abu da ba za ta faɗa wa ɗanta ba ko da wuƙa a wuya: kafin yaƙin nan, sau ɗaya tak ta taɓa riƙe jikar tata, ranar suna. Yanzu da safe in ta buɗe ido, numfashin yarinyar take fara saurara kafin kiran salla. Ba ta so a ɗauke mata shi.

"Allah ya kai mu yankan riɗin," ta ce kawai.

Washegari da la'asar, bayan ya koma jeji, ta ɗauki faifan gyaɗa ta zo ta zauna a gefen angarib ɗin. Lamis ta ɗan janye ƙafa. Jummare ta gyara zama. Tana ɓare gyaɗa tana satar kallon wayar ta wutsiyar ido. Haka ta yi ranar, haka ta yi kashegari, har idonta ya fara gane abin da ke ciki.

Hanya ce, launin ƙasa, ta taso daga gefe guda tana lanƙwasa kamar macijin da ya ƙoshi, ta ƙare a wani ɗan gida mai jan rufi. Wasu ƙananan halittu na fitowa daga bakin hanyar a jere, suna tafe a sunkuye, kowanne da ƙunshi a baya. Yarinyar kuma na dangwala yatsa, wasu dogayen gine-gine na tsirowa, daga samansu kibau na zuba.

A rana ta uku ta kasa haƙuri.

"'Yar birni, su waye waɗannan?"

Har ta fid da rai da amsa, sai ta ji wata murya a shaƙe, rabi Larabci rabi Hausa.

"Maƙiya."

"Me suka yi miki?"

"Suna son shiga gida."

"To?"

Lamis ta juyo ta dube ta, karon farko da ta yi mata kallon gaske. Kallon da ake yi wa wanda ya tambaya ko wuta na da zafi.

"Habboba, in sun shiga an ci ni."

Habboba take kiranta, kamar yadda yaran Khartoum ke kiran kaka. Jummare ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Masu kaya a baya? A ƙafa, da rana tsaka? Yarinya, waɗannan ai matafiya ne. Ba ni in gani."

Ba ta zaci za a ba ta ba. Amma Lamis, bayan ɗan jim, ta danna wani abu ta mayar da wasan matakin farko, na masu koyo, ta miƙa mata da hannu biyu kamar mai miƙa ƙwai.

Jummare ta riƙe wayar nesa da ido. Halittun suka fito. Ta bi su da kallo suna tafe, suka sha kwanar farko, suka sha ta biyu, suka isa ɗan gidan suka shige ɗaya bayan ɗaya. Wasu jajayen zukata da ke jere a sama suka riƙa mutuwa. Wayar ta yi wani kuka mai ban tausayi, komai ya yi duhu.

"Habboba! Ba ki gina komai ba! Kin bar su sun shiga duka!"

"To ai sun gaji."

Wani sauti ya kufce daga hancin yarinyar. Ba dariya ba ce sosai, 'yar uwarta ce dai. Ta yi saurin rufe baki da hannu kamar ta yi abin kunya. Jummare ta yi kamar ba ta ji ba, ta ɗauki gyaɗa ta jefa a baki, zuciyarta na bugawa kamar ta budurwa.

"Ba haka ake yi ba," Lamis ta ce. "Kawo. A'a, riƙe. Danna nan."

Nan aka gamu da matsala. Babban yatsan Jummare ya sha taɓarya da igiyar guga da zafin tukunya har ya yi kanta, gilashin wayar bai san da zamansa ba. Ta danna, ta murza, ta tofa masa yawu ta sake dannawa, shiru.

"Wayar nan taki ba ta da tarbiyya. Ba ta gaida manya."

"Yatsanki ne ya mutu. Gwada ƙaramin."

Ƙaramin yatsa ya yi aiki. Da shi Jummare ta fara yaƙi, a miƙe kamar na matar da ke shan shayi a gidan biki.

Ashe yarinyar malama ce. Da ta fara bayani sai maganar ta riƙa zubowa kamar an buɗe famfo, har tana mance wane harshe take yi.

"Dogon ginin nan hasumiya ce, maharba ne a sama. A farko zinariyarki kaɗan ce, kar ki watsa ta. Mutane suna tsorata su cika hanya da ƙananan hasumiyoyi, ba sa kashe ko kaza. Gina ɗaya, amma a kan kwana. Kin ga inda hanyar ta lanƙwasa ta dawo? In kin sa ta a cikin lanƙwasar, za ta harbe su suna zuwa, ta sake harbinsu suna komawa. Hasumiya ɗaya, aikin biyu. Duk wanda ya faɗi yana barin zinari. Kar ki gina sabuwa tukuna, ƙara wa ta farkon ƙarfi. Ayarin farko ba sa sauri, don ki shirya aka yi su. Kuma kar ki jira su a ƙofar gida. Wanda ya jira a ƙofa ya makara."

"Wa ya koya miki duk wannan?"

"Wata ƙawata. A makaranta." Ta mayar da ido kan wayar. "Ban san inda take ba yanzu."

Jummare ba ta ce Allah ya sa tana lafiya ba, ko da yake ta faɗa a zuci. Ta miƙa ƙaramin yatsa ta dasa hasumiya a tsakiyar ciyawa, inda ko akuya ba ta bi.

"Habboba! Kwana na ce!"

"Nan ya fi inuwa."

Haka la'asar ta zama tasu. In wuta ta ɗauke, Jummare da kanta ke kai wayar shagon mai hasken rana a cika ta, ta dawo da ita a ƙulle a bakin mayafi, Larai na kallonta tana girgiza kai. Ta ci matakin farko bayan an sha faɗa. Na biyu ya zo da wasu masu sulke waɗanda kibiya ba ta huda su, sai an gina majajjawa mai jefa duwatsu a bayan maharba. Na uku hanyarsa biyu ce, suna haɗuwa a tsakiya, Lamis ta nuna mata cewa a mahaɗar ake zuba ƙarfi, ba a raba shi gida biyu. Duk wanda ya faɗi Jummare sai ta ce masa Allah ya jiƙan rai. Lamis ta ce ba su da rai. Jummare ta ce ba ita ta halicce su ba balle ta sani.

Ta kuma gano wani abu. In ta ajiye kwanon godogodo a tsakaninsu ba ta ce a ci ba, yarinyar na cikin yi mata tsawa sai hannunta ya kai ga cokali. Wata rana kwanon ya ƙare ƙarƙaf, Lamis ta dube shi da mamaki ta ce, "Habboba, kin cika ci."

"Tsufa ne," in ji Jummare.

Amma ƙofa tana nan yadda take. In an ƙwanƙwasa, ko mai amalanken ruwa ne, yarinyar sai ta daskare, idonta a kan sakata. A gari kuwa motoci sun fara wucewa da leburori, an shiga yankan riɗi gadan-gadan, don shi riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, fashewa yake ya zube a ƙasa. Jummare na jin ƙarar motocin kamar ana kiran sunanta.

Ranar da suka gama mataki na uku ta ce, "To sai na huɗu."

Fuskar Lamis ta rufe. "Ba a cin na huɗu."

"Ke a wane kike?"

"Na huɗu."

"Tun yaushe?"

"Tun Madani."

"Buga in gani."

Ta buga. Hanyar mataki na huɗu doguwa ce, tana da wata babbar kwana can nesa da gida, irin wadda malamar da kanta ta ce hasumiya ɗaya ke aikin biyu a cikinta. Jummare ta jira ta ga an gina a can. Sai ta ga yatsun yarinyar sun gudo ƙarshen hanya. Hasumiya a dama da ɗan gidan, hasumiya a hagu, wata a gabansa, wata a manne da wannan, ƙanana ƙanana, har jan rufin ya kusa ɓacewa. Doguwar hanyar nan duk an bar ta fayau. Ayarin suka taho ba mai ce musu kanzil, suka taru suka yi yawa, suka iso ƙofa gaba ɗaya. Ɗaya ya kutsa. Zuciya ɗaya ta mutu a sama, saura da yawa suna ja. Lamis ba ta jira ba, ta danna ta koma farko. Ta sake gina su yadda ta gina ɗazu.

Sau uku Jummare na kallo.

"Malama, ba ke kika ce wanda ya jira a ƙofa ya makara ba?"

"Na sani."

"To?"

"Na sani, Habboba!" Muryar ta tsage. Idonta na kan wayar. "In na kai su can, gidan shi kaɗai ne. A Khartoum Baba ya jawo firji ya tokare ƙofa, ya ɗora gado a kai. Muna ciki muna jin masu bindiga a layi. Da firjin yana can bakin titi, wa zai tare?"

Jummare na da amsoshi da yawa, irin na tsofaffi, masu daɗin ji. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya ta ga babu na ɗauka. Firjin ya yi aikinsa, ga yarinyar a raye. Ba za ta ce mata ƙarya ne ba.

"Sake bugawa," ta ce.

Lamis ta sake. Wasan ya buɗe, zinariyar farko ta bayyana, ayari bai fito ba tukuna. A ƙasan gilashin, kusa da hoton hasumiya da na majajjawa, Jummare ta hango wani sabon abu da babu shi a matakan baya: wata baƙar tukunya mai faɗin baki, a kan duwatsu uku. Ta dubi tukunyar, ta dubi doguwar hanyar nan da babu ko bishiya, ta tuna masu ƙunshi a baya. Kafin yarinyar ta ankara, ƙaramin yatsa ya sauka a kan tukunyar, ya ja ta har can babbar kwana, ya dasa.

"Me kika yi?"

"Randa. In ma harbinsu za ki yi, su sha ruwa tukuna. Ba a kashe mutum da ƙishi."

"Ba ruwa ba ne! Danƙo ne! Ba ya kashe kowa, shi ya sa ba na taɓa shi. Kin cinye min rabin zinari!"

"Danƙo?" Jummare ta dafe ƙirji. "Danƙo na ba baƙi?"

Ayarin ya riga ya fito. Yatsan Lamis ya tafi wurin komawa farko, ya tsaya a sama. Na gaba-gaba sun iso kwanar. Tukunyar ta karkata ta amayar da wani abu baƙi ƙirin a kan hanya, sai ga su suna ɗaga ƙafa da ƙyar, suna cijewa, kamar mutanen unguwa a watan Agusta in sun fito da takalmin salla. Suka cunkushe wuri guda, na baya na cin karo da na gaba.

"Sun tsaya," Lamis ta ce a hankali. "Habboba, dubi yadda suka taru. Da akwai maharba a nan, da majajjawa ɗaya ma..."

"Ga tukunyata can ita kaɗai a jeji. Kai mata 'yan rakiya mana."

"Zinariyar ta hasumiya ɗaya ce kawai. In na sa a can, babu komai a gida."

"Ni ina nan."

Jummare ta ɗora babban yatsanta, mataccen nan mai kanta wanda wayar ba ta san shi ba, a kan ɗan gidan mai jan rufi. Ya rufe shi ruf, har da ƙofar. Gilashin bai ko motsa ba.

"Je ki yi aikinki. Duk wanda ya zo, ni zai tarar."

Lamis ta dubi yatsan. Farcen ya tsage a gefe, akwai garin gero a lungunsa. Ta ja numfashi kamar mai shirin nutso, ta kai hannu can nesa, cikin lanƙwasar, ta gina.

Kibau suka zuba a kan waɗanda danƙo ya riƙe. Zinari ya fara shigowa. Ta ƙara wa hasumiyar ƙarfi, ta sake ƙara mata, sannan ta dasa majajjawa a bayanta, daidai yadda ta koya wa kakarta. Hannunta ya san aikin tun tuni, hanya kawai aka ba shi. Ayari na biyu ya narke a kwanar. Na uku ya zo da wasu 'yan tsirarun masu gudu, biyu suka zille, suka bi doguwar hanyar a guje, suka shige ƙarƙashin yatsan Jummare. Zukata biyu suka mutu a sama. Kafaɗar yarinyar ta ɗaga.

"Sun shiga!"

"Na gan su. Na ba su tabarma. Ke dai kula da kwanarki."

"Habboba, ɗaga in gani."

"Ba zan ɗaga ba. Gida na nan. Ga wani ƙato can ya taho."

Ƙaton ya taho kuwa, mai ƙaho, yana jan kulki, ƙasa na girgiza. Ya faɗa danƙon har gwiwa. Lamis ta zuba masa duk abin da take da shi, tana ihu da Larabci, Jummare na taya ta da Hausa tana cewa a bi shi a hankali babba ne. Ya yi taku, ya sake taku, ya durƙusa. Wayar ta fashe da wani kiɗa da ba a taɓa ji ba a gidan nan.

Sai a lokacin Jummare ta ɗaga yatsa. Ɗan gidan na nan da jan rufinsa, hayaƙi na fita ta saman. Lamis ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kifa goshinta a kafaɗar tsohuwar, ba ta yi kuka ba, ta dai bar nauyinta duka a wurin. Jummare ta zauna ƙiƙam, hannunta ya yi tsami, ba ta motsa ba har aka kira magariba.

"Amma danƙon nan bai yi min daɗi ba," ta ce daga baya, tana ɗaura alwala. "Kakana zai ji kunya."

An gama yankan riɗi. Ranar da ake sa ran leburori za su dawo, mai amalanken jaki ya cika musu duro da hantsi ya tafi. Jummare ta ɗebi bokiti za ta kai wa randunan waje, ta sunkuya, bayanta ya riƙe. Ciwon gaske ne, ya daɗe yana yi mata haka, sai dai yau ba ta ɓoye shi ba. Ta ajiye bokitin ta zauna a kan turmi.

"Tun safe babu ko ɗigo a waje," ta ce, ba da kowa ba. "Ga mutane za su sauko daga mota."

Ta ji igiyar angarib ta yi ƙara. Ba ta waiwaya ba. Ta ji an ɗaga bokitin, ruwa na fantsama a ƙasa, ta ji tafiyar ta tsaya a bakin ƙofa. Tsayuwar ta yi tsawo har Jummare ta fara karanta abin da ta iya a zuci.

"Habboba."

"Na'am."

"Kina nan?"

"Ina zan je da wannan bayan?"

Sakata ta yi ƙara.

Haka Eltayeb ya tarar da 'yarsa da ya sauko daga raksha, keken nan mai ƙafa uku, da jakarsa a kafaɗa: a waje, ƙarƙashin darbejiya, ba takalmi, hannu ɗaya na tallafe da gindin bokiti, ɗayan na riƙe da bakin randa gam kamar za a ƙwace mata, ƙofar gida a buɗe a bayanta. Ya tsaya a tsakiyar hanya. Ita ta fara ganinsa. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙa masa, ya karɓa ya sha, ya sake sha, ko da yake ba ƙishi ne ya hana shi magana ba.

A cikin gida, bayan ya gaida uwarsa, ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Zaituna ta bugo. Tana tambaya yaushe."

Jummare ta dubi murhu. Lamis ce ta amsa, tana goge ƙafa a bakin rumfa.

"Baba, a mataki na biyar akwai masu tashi sama. Danƙo ba ya kama su. Habboba ko ganinsu ba ta yi, tana cewa tsuntsaye ne a bar su. Ba za ta iya ita kaɗai ba."

Ya dubi 'yar, ya dubi uwar. Rabonsa da jin magana mai tsawon wannan daga bakinta tun suna da firji.

"Koyon nata zai daɗe?"

"Sosai. Ba ta jin magana."

Ya sa hular a kai, ya cire. "To. Bari in ce wa Zaituna ba yanzu ba. Ga girbin dawa ma na tafe, ba zan samu sukunin tafiya ba."

Jummare ba ta gode masa ba, ba a yi wa ɗan fari haka. Ta miƙe, bayan nata ya ɗan saki, ta ɗauko babban kwanon da ba a fito da shi sai da baƙo, ta cika shi da godogodo har yana zuba, ta tura gabansa tana kallon wani wajen.

"Ke kuma 'yar birni," ta ce, "randa ɗaya kika cika. Biyu ne."